PET ko maikiroskop mai lesa, wanne ya fi ganin yadda ƙwayoyin jiki ke cin suga?

Tun a shekarun 1920 Otto Warburg a Jamus ya lura ƙwayoyin cutar kansa, wato ciwon daji, suna zuƙar suga ba ji ba gani, kuma a kan wannan ne hoton PET, wanda ake ɗauka a asibiti don neman cutar a cikin jiki, ya dogara. Za a yi maka allurar suga mai ɗan sinadarin nukiliya, wato FDG, sai wajen ciwon ya haska, jiki gaba ɗaya a hoto guda. Amma ƙarin da bai kai milimita 4 ba da ƙyar yake kama shi, kuma miki mai warkewa shi ma yana shan suga sosai to sai ya iya rikita likita.

Ita kuwa maikiroskop mai lesa ba allura ba rini, in hasken lesa ya sauka a kan ƙwayar da kanta take haskawa saboda NADH da FAD da ke cikinta, wato sinadaran da ke taimaka mata sarrafa suga, sai ka ga ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, wacce ke ƙona suga da oksijin da wacce ba ta yi. Wallahi wannan ta fi burge ni, musamman in na tuna gyambon masu ciwon suga, a riƙa duba shi ba tare da an yanki nama ba. Matsalarta zurfi, da ƙyar take wuce milimita 1, in kansar huhu ce sai dai PET.