Asibitin da ya yanke wa ɗana linzami ya kuma ƙi taɓa leɓensa

Ɗana na biyu yana da kwana tara a duniya muka kai shi wani asibitin yara mai zaman kansa a cikin Kano, saboda shayarwa ta zame mini azaba. Kan nonona ya tsage har yana zubar da jini, shi kuma yaron yakan kama nono ya saki, ya sake kamawa ya saki, harshensa yana wata ƙara kamar mai yin tsaki, ya shafe kusan awa guda a jikina, amma da an kwantar da shi sai kuka. Ranar suna, da wanzami ya gama aski, ya buɗa bakinsa ya ce yana da linzami, ya kuma nemi izinin yanke shi nan take tare da beli. Mahaifiyata ta amince, domin a cewarta haka aka yi mana dukkanmu, amma maigidana ya roƙi a dakata har likita ya gani.

Linzami shi ne tantanin nan siriri da ya haɗa ƙasan harshe da ƙasan baki. Kowa yana da shi, sai dai a wasu jarirai yakan zo gajere ko mai kauri, ko ya miƙo har kusa da tsinin harshe, ya hana harshen ɗagawa da fitowa ya rufe dasashin ƙasa, wanda kuwa sai da hakan jariri ke iya tatsar nono ba tare da ya datse kansa da dasashi ba.

Abin da ya fara burge ni a asibitin shi ne ba su fara da leƙa bakin yaron ba. Wata nas, dattijuwa mai haƙuri, ta ɗora shi a sikeli ta kwatanta nauyinsa da na ranar haihuwa, ta tambaye ni sau nawa yake jiƙa kunzugu a yini, sannan ta ja labule ta ce, “Maman yaro, ba shi nono in gani.” Ta zauna kusa da ni fiye da minti ashirin tana kallo. Ta gyara mini riƙo, ta sa na juyo da cikinsa ya manne da nawa, ta nuna mini in jira ya wangale baki sosai kafin in kai shi ga nono, maimakon in sunkuya ina cusa masa. Zafin ya ragu, amma bai tafi ba, kuma da ya saki sai ta nuna mini kan nonon ya fito a matse, gefe guda a lanƙwashe. Ta rubuta wannan duka kafin ta shigar da mu wurin likita.

Likitan ya sa safar hannu, ya ba yaron ɗan yatsansa ya tsotsa domin ya ji yadda harshen ke motsi, sannan ya ɗaga harshen da yatsu biyu ya kira ni da maigidana mu duba. Tsinin harshen ya lotsa a tsakiya ya rabu gida biyu, kuma ko da yaron ya tsala kuka, harshen bai iya tashi daga ƙasan baki ba. Likitan ya ce wanzamin bai yi kuskure a ganinsa ba, linzamin na nan, amma ganin tantani kaɗai ba ya wajabta yanka, domin jarirai da yawa suna da shi suna kuma shan nono lafiya lau. Abin da ya sa zai yanke na ɗana shi ne an gyara riƙo matsalar ba ta kau ba, kuma nauyinsa ya yi ƙasa fiye da yadda ake so.

A nan ne na kawo maganar leɓen sama. Na ga hotuna a Facebook na jarirai da aka ce leɓensu a ɗaure yake, na ɗaga na ɗana na ga tantanin ya sauko har dasashi, na kuma zo da niyyar a yanke duka biyun a huta. Likitan ya ƙi. Ya ce kusan kowane jariri haka nasa yake, yana ja baya da kansa yayin da haƙora ke fitowa, kuma babu gamsasshiyar hujja cewa yanke shi yana gyara shayarwa. Na fita da ɗan jin haushi, amma da na bincika daga baya na tarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2024 tana faɗin haka, tana kuma kokawa cewa ana yawaita yanka ba bisa buƙata ba, a ƙasar da yawan jariran da ake cewa suna da linzami ya ninka kusan sau goma tsakanin 1997 da 2012. Asibitin kuɗi ne, aiki biyu ya fi aiki ɗaya kawo musu riba, don haka ƙin da ya yi ya ƙara masa daraja a idona.

Kafin aikin ya tambaya ko an yi wa yaron allurar bitamin K ranar haihuwa, da ko akwai mai ciwon rashin tsayawar jini a danginmu, ya kuma bayyana cewa a ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini da hanyoyin yawu, shi ya sa yanka mai zurfi ke da haɗari, ban da cutar sarƙewar haƙora da ciwon hanta da askar da ba a tsabtace ba ke iya sa wa jariri. An naɗe shi a zani, nas ta riƙe kansa, likitan ya buɗe almakashi daga cikin ledarsa a gabanmu, ya ɗaga harshen ya datse tantanin sau ɗaya. Jinin bai wuce ɗigo biyu ko uku a kan auduga ba. Aka miƙo mini shi yana kuka na sa shi a nono, ya yi shiru, kuma a karon farko na ji jan nono ba tare da cizo ba. Game da beli kuwa ya ce kada a bari kowa ya taɓa shi, halitta ce ba cuta ba.

Duk da haka akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Mun yi awa uku a layi da jariri ɗan kwana tara cikin yara masu tari da zazzaɓi, babu wani keɓantaccen wuri na masu jego, ni kuma zama a benci yana wahalar da ni. Ba a faɗa mana jimillar kuɗi tun farko ba, sai aka riƙa tura maigidana wurin biya kashi-kashi, na kati daban, na ganin likita daban, na aiki daban. Mafi muni shi ne an sallame mu ba tare da takardar bayani ba, kuma babu wanda ya gaya mana cewa wurin yankan yakan yi fari ko rawaya yayin warkewa. Da na ga hakan a rana ta uku na ɗauka ruɓewa ya yi, na buga lambar asibitin har sau huɗu ba a ɗauka ba, muka sake ɗaukar hanya da daddare, sai nas mai aikin dare ta leƙa ta ce haka yake warkewa. Jimla ɗaya a bakin likita da ta hutar da mu wannan tashin hankali.

Likitan bai yi mana alkawarin abin da ya wuce iyawarsa ba. Ya ce abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne raguwar zafin kan nono ga uwa, wanda ya dace da nazarin da Cochrane, ƙungiya mai tace sakamakon binciken likitanci, ta fitar a 2017 da ya tattara gwaje-gwaje biyar, kuma ya ƙi yarda da maganar da ake yi cewa duk yaron da ba a yanke wa linzami ba zai tashi da tsamin baki. A wurina tsagewar ta warke cikin mako guda, kodayake ina ganin rabin nasarar ta gyaran riƙon da nas ta yi mini ce. Zan tura duk mai jegon da ke fama da irin wannan wurinsu, da sharaɗin ta je da sassafe, ta tambayi kuɗi gaba ɗaya, ta kuma nemi a bayyana mata yadda ciwon zai kasance kafin ta fito. Mun koma awo bayan mako biyu, yaron ya wuce nauyin haihuwarsa, mahaifiyata kuma har yanzu tana tambaya yaushe za a cire belin.