Sharhi kan masaukin baƙi da dakon alfadarai a garin Hidra na ƙasar Girka

Masaukin da na sauka a Hidra ƙaramin gidan dutse ne da wasu iyali ke gudanarwa a gangaren tsauni, kuma kusan duk abin da baƙo zai yaba ko ya yi ƙorafi a kansa ya samo asali ne daga yanayin garin kansa. Hidra tsibiri ne mai duwatsu da ƙarancin ruwa, yana fuskantar gaɓar yankin Peloponis, kuma jirgin ruwa mai gudu daga tashar Pirayos da ke kusa da Atina yana kai mutum cikin abin da bai wuce awa biyu ba. Mazaunansa na dindindin kusan mutum 2,000 ne, yawancinsu a wannan gari guda, wanda gidajensa suka kewaye tashar jiragen ruwa suna hawa bisa juna har sama.

Doka ta hana motoci da babura a tsibirin, in ban da 'yan motocin hukuma irin na kwashe shara, don haka masu masaukin suka haɗa ni da mai alfadarai tun kafin in iso. Wannan hidima ce ta fi burge ni. Dattijon ya ɗaga akwatunana biyu ɗaya bayan ɗaya don ya ji nauyinsu, ya daidaita su a ɓangarorin sirdin katako da ke bayan alfadarin, ya ɗaure da igiya, sannan dabbar ta kama hawa matakalan dutse ba tare da an taɓa ta da sanda ba. A wannan hanya muka yi ta kaucewa wasu alfadaran da ke ɗauke da buhunan siminti da kwalaben ruwan sha, domin duk abin da ake ci ko ake gini da shi a saman garin, ta bayansu yake hawa. Kuɗin dakon daban yake da na ɗaki, kuma ya kamata a daidaita farashi kafin a ɗora kaya.

Ɗakin yana da tsabta, katangunsa masu kauri suna riƙe sanyi da tsakar rana, kuma tagarsa tana kallon teku. Uwargidan ta nuna mini tsohuwar rijiyar tara ruwan sama da ke ƙarƙashin tsakar gidan, wadda iyayenta suka dogara da ita, ta kuma roƙi a yi tsimin ruwa wajen wanka. Ganin yadda tsaunukan suke a bushe, ban ga laifin roƙon ba. Ita ce ta ba ni shawarar ziyartar gidan Lazaros Kunduriyotis, attajirin da ya zuba dukiyarsa a yaƙin neman 'yanci daga Daular Usmaniyya wanda aka fara a 1821, lokacin da jiragen fataken Hidra suka koma na yaƙi. Gidan ya zama gidan tarihi, kuma shi ke bayyana yadda aka yi irin waɗannan manyan gine-gine a wurin da noma bai da albarka.

Matsalar masaukin ita ce matakalan. Mai ciwon gwiwa ko mai tafiya da tsoho zai sha wahala, musamman da rani, kuma duwatsun suna da santsi saboda yawan taku. Karin kumallon burodi, cuku, zuma da zaitun yana da kyau amma ba ya canzawa, abincin bakin tashar kuma yana da tsada, ga shi dole Musulmi ya tambaya kafin ya ci gasasshen nama, domin na alade ya yawaita. Wanda ƙafarsa ke da ƙarfi ina ba shi shawarar ya sauka a nan. Wanda kuwa hawa ke wahalar da shi, gara ya nemi ɗaki kusa da tashar ko da farashin ya fi haka.