Wace Konkodans Za Ka Saya Don Bin Kalmomin Ibrananci da Helenanci?

Kafin ka taɓa kuɗi, duba juyin Littafi Mai Tsarki na Turanci da ke hannunka. Konkodans littafi ne da ke jera kalmomin Littafi Mai Tsarki tare da ayoyin da kowace ta fito a ciki. Kowace konkodans a kan juyi guda aka gina ta, kuma kalmomin wannan juyin kaɗai ta jera. Wanda yake karanta juyin NIV (New International Version) ya sayi konkodans ta King James zai yi ta neman kalmar da babu ita a wurin da yake tsammani. Mai karatu da Hausa kuwa sai ya fara buɗe ayar a juyin Turanci, ya gano kalmar da ta yi daidai da wadda ta tsaya masa a rai, sannan ya shiga konkodans da ita.

Wadda aka fi sani ita ce ta James Strong, ta 1890, a kan juyin King James. Ya ba kowace kalmar asali lamba: 1 zuwa 8674 na Ibrananci da Aramiyanci, 1 zuwa 5624 na Helenanci. Aiki da ita ba wuya. Ka nemi kalmar Turancin a jerin abacada, ka sauko har ka kai ayarka, ka ɗauki lambar da ke gefen dama, ka juya zuwa ƙamus ɗin da ke bayan littafin. Ƙamus biyu ne, na farko na Ibrananci, na biyu na Helenanci, nan kuma mutane ke tuntuɓe. A tsofaffin bugu lambar Ibrananci a miƙe take, ta Helenanci a karkace, ba wata alama kuma. Idan ayarka a Sabon Alkawari take, ka buɗe ƙamus na farko, za ka karanta ma'anar wata kalma dabam ba tare da ka ankara ba. Idan tsohon bugu ya ce kalma "Chaldee" ce, Aramiyanci yake nufi, harshen da aka rubuta wasu surorin Daniyel da Ezra da shi.

Akwai wata ƙaramar alama a bayanin kowace lamba, ɗigo biyu da ɗan layi. Abin da ya zo kafin alamar shi ne ma'anar da Strong ya bayar. Abin da ya biyo bayanta jerin kalmomin da masu fassarar King James suka yi amfani da su ne a wurare dabam dabam. Ba kasuwa ba ce da za ka zaɓi wadda ta dace da wa'azinka ka cusa wa ayar. Kalmar hesed, lamba 2617, ta fito kusan sau 250 a Tsohon Alkawari, an juya ta da kalmomi irin su jinƙai, alheri, da nagarta. Wace ce a ayarka? Ayoyin da ke kewaye da ita ne za su faɗa maka, ba jerin ba.

Ta Robert Young, wadda ta fito a 1879, ita ma a kan King James take, amma tsarinta ya fi saurin buɗe ido. A ƙarƙashin kalmar Turanci guda, ta raba ayoyin gida-gida bisa kalmar asali. Buɗe "hell" za ka ga sheol ta Ibrananci a wurinta, hades da gehenna na Helenanci kowace a nata, duk a shafi ɗaya. Raunin ta shi ne ba a gina ta a kan lambobin Strong ba, alhali yawancin ƙamus da manhajoji da waɗannan lambobin suke aiki.

Ta Alexander Cruden ta 1737 tana taimaka wa wanda ya manta inda aya take. Ba ta kai ka ga Ibrananci ko Helenanci, don haka ba ta wannan aikin ba ce.

Masu NIV nasu ita ce ta Goodrick da Kohlenberger, ta 1990. Sun sake lambobin gaba ɗaya, sun raba kalmomin da Strong ya haɗe a lamba guda. Aikin ya fi tsabta, amma lambobin biyu ba sa hawa kan juna: 26 a wurin Strong ita ce agape, wato ƙauna, a wurinsu kuwa 26 fi'ilin agapao ne, wato yin ƙauna, agape tana 27. Ka tabbata bugun da za ka saya yana da teburin sauya lamba a baya, kuma ya dace da NIV ɗinka, domin an sake gyara juyin a 2011.

Duk waɗannan daga Turanci suke farawa. Bincike na gaskiya yana buƙatar a juya hanyar: a riƙe kalmar asali, a ga duk inda ta fito. Wannan shi ne aikin konkodans biyu na George Wigram da ake kira Englishman's, ta Helenanci a 1839, ta Ibrananci a 1843. Nemi bugun da aka saka wa lambobin Strong, ba sai ka iya haruffan harsunan ba. A ganinmu ita ce sayayya ta biyu mafi amfani, ta fi wani ƙamus mai kauri. Ɗauki ekklesia, lamba 1577. Ana yawan cewa ma'anarta "waɗanda aka kira daga duniya", don ta fito daga ek (daga) da kaleo (kira). Bi jerin har Ayyukan Manzanni 19:32, za ka tarar da kalmar a kan taron 'yan tarzoma a Afisa. Haka agapao, da ake cewa ƙaunar Allah ce kaɗai: a 2 Timoti 4:10 da ita aka faɗi yadda Dimas ya ƙaunaci duniyar nan ya rabu da Bulus. Tushen kalma ba shi ne ke yanke ma'anarta ba, yadda marubuta suka yi amfani da ita ne.

Manhajoji irin su Blue Letter Bible, STEP Bible da Bible Hub suna yin wannan duka kyauta, da taɓawa ɗaya, har su nuna sigar fi'ili, abin da lambar Strong ba ta nunawa. A Ibrananci wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tushe guda yakan sauya ma'ana tsakanin sigogin fi'ili irin su Kal, Fiyel da Hifil. Sai dai ƙamus ɗin da ake samu kyauta yawanci tsofaffi ne, kamar na Thayer na ƙarni na 19 da na Brown, Driver da Briggs na 1906. An rubuta na Thayer kafin tsoffin takardun fafirus da aka tono a Masar su nuna yadda talakawa ke magana da Helenancin zamanin manzanni, don haka a riƙe shi da kula.

Idan littafin takarda za ka ɗauka, buɗe bayansa a gaban mai sayarwa. Bugun da aka taƙaita, masu suna "Concise" ko "Compact", wasu sun zubar da ayoyi, wasu sun zubar da ƙamus ɗin ɗungurungum. Nemi mai kalmar "Exhaustive" a bango. Duba girman rubutu a hasken ɗaki, domin lambobin ƙanana ne, 3 da 8 kuma sukan rikiɗe a bugu mara kyau. Littafi ne mai shafi fiye da dubu da za a riƙa juyawa gaba da baya, saboda haka mai bango mai ƙarfi da ɗinki ya fi mai gam, wanda yakan ɓare daidai inda ƙamus ɗin ya fara.