Aclasta ga mai fibrous dysplasia a ƙashin ido: yana kwantar da ciwo, ba ya rage kumburi

Aclasta ƙarin ruwa ne da kamfanin Novartis ya ƙirƙiro, miligiram 5 na maganin zoledronic acid cikin kwalbar mililita 100. Don masu raunin ƙashi da cutar Paget (wadda ke sa ƙashi ya yi kauri ya lanƙwashe) aka yi shi, amma likitoci kan ba masu fibrous dysplasia, cutar da wani nama mai tauri ke maye gurbin lafiyayyen ƙashi har goshi ya tasa, ido ya turo.

Wajen ciwo yana aiki. Yana dakushe ƙwayoyin da ke cinye ƙashi, kuma da yawa kan samu sauƙin watanni daga kwalba ɗaya. Amma wanda ya saya da fatan kumburin ya sace ya yi asarar kuɗinsa. Maganin ba ya hana ƙashin girma, ba ya kare jijiyar gani. In babu ciwo, ba mu ga dalilin sa shi ba.

Gaggawa ce ke jawo yawancin matsala. Kafin a ɗaura, a auna sinadarin kalsiyam, bitamin D, fosfet da aikin ƙoda. Fosfet ɗin ne aka fi mantawa, alhali ƙashin da ya kamu yana fitar da sinadarin FGF23 mai sa ƙoda zubar da fosfet a fitsari, wannan kaɗai kan kawo ciwon ƙashi. In fosfet ɗin ya yi ƙasa, shi za a fara gyarawa. In tacewar ƙoda ba ta kai mililita 35 a minti ba, ko mace na da juna biyu, ba a bayarwa. A ga likitan haƙori tukuna, domin cire haƙori daga baya kan iya barin miki a muƙamuƙi da ke ƙin warkewa.

A sha ruwa kofi biyu, ruwan maganin kuma kada ya shige ƙasa da minti 15, saurinsa na cutar da ƙoda. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi a kwana uku na farko sananne ne, ana yawan ɗaukarsa maleriya, farasitamol kan wadatar.

Jan ido da zafi da ƙin haske bayan ƙarin ruwan kuwa ba na jira ba ne, maganin kan kumbura cikin ido jefi-jefi, sai likitan ido a ranar. Haka in gani ya dushe farat ɗaya: wataƙila ƙullun jini ne ya taso cikin ƙashin ya danne jijiya, wannan aikin hoton CT ne da tiyata.