Manhajar gano gajimaren maganaɗisu ta ba ni kunya a guguwar Maris 2015

Na sayi lasisin wannan manhaja ne domin ta rage mini wahalar bin bayanan iskar rana (ƙananan ƙwayoyi irin su furoton da rana ke fesowa sararin samaniya) da ido, musamman waɗanda kumbon Wind da na ACE ke aikowa daga wani wuri tsakaninmu da rana, mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Da farko ta burge ni ƙwarai. Na gwada ta da gajimaren maganaɗisu na 10 ga Janairun 1997, wato curin iska mai ɗauke da maganaɗisu da rana ta tofo, sai ta shata masa iyaka daidai, ta nuna alamomi ukun gane irin wannan gajimare da masanin kimiyya Burlaga da abokan aikinsa suka kafa tun 1981: ƙarfin maganaɗisu ya haura, alkiblarsa tana juyawa sannu a hankali, zafin furoton kuma ya faɗi ƙasa. Har na fara yaba ta a gaban abokan aiki.

Guguwar da ta hargitsa maganaɗisun duniya ranar 17 ga Maris 2015 ce ta tona mata asiri. Curin da rana ta tofo ranar 15 ga wata ya iso da sassafe, kuma duk mai wannan aiki ya san cewa bayan bugun farko da ke zuwa a gaban curin akwai sa'o'i na iska mai zafi da cunkoso, inda maganaɗisu ke fizge-fizge ba tsari, kafin gajimaren kansa ya shigo. Manhajar ta haɗe wannan yanki da gajimaren, ta ɗora farkonsa a kan bugun, alhali layin zafin furoton yana can sama a kan allon, a gaban idona. Wannan kuskure ba ƙarami ba ne, domin guguwar ta zo ne hawa biyu, ma'aunin Dst, mai nuna tsananin irin wannan guguwa, ya gangara ƙasa da -200, kuma wanda ya dogara da iyakar da ta shata zai jingina wa gajimaren ɓarnar da ba shi ya yi ba.

Na rubuta wa masu ita na tura musu hoton, suka amsa cewa in sassauta ma'auni da kaina. To, in har ni zan zauna in gyara kowace iyaka da hannu, me na biya kuɗi a kai? Tana da sauri wajen tace bayanan shekaru masu yawa, wannan kam ba zan hana ta ba, amma yanzu duk abin da ta fitar sai na auna shi da jerin irin waɗannan curi da masana Richardson da Cane suka tattara kafin in yarda da shi.