Ƙarar fankar jif ɗina da warshar da ta gano ciwon a Jidda

Kusan wata biyu na yi ina fama da ƙarar da ke fitowa daga gaban Prado ɗina, ƙara irin ta jirgin da ke shirin tashi, wadda take ƙaruwa duk lokacin da na taka totur. Da farko na ɗauka zafin bazara ne, domin duk mai irin wannan mota ya san fankarta takan yi gurnani na ɗan lokaci idan an tayar da ita da safe, ko idan rana ta take a cikin cunkoson Jidda, sannan ta lafa. Tawa kuwa ta daina lafawa. Ranar da na ɗauko iyali daga Makka za mu Ɗa'ifa, muna hawan dutsen Hada da ke kan hanyar, motar ta yi nauyi kamar ana janta ta baya, ƙarar kuma ta hana mu jin maganar juna, alhali allurar zafi tana tsaye a tsakiya ba ta motsa ba.

Wani maƙwabcina ne ya kwatanta mini wata ƙaramar warsha, wato garejin gyaran mota, a Sana'iyya, unguwar masu gyara, wadda wani matashi Bahaushe haifaffen Makka yake riƙe da ita. Na je ne da niyyar a sake mini lagireto, domin abin da aka faɗa mini ke nan a wani wurin. Yaron ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri mu bar injin ya huce tukuna, kada mu sayi abin da lafiyarsa ƙalau." Da injin ya huce, ya zare makulli ya riƙe a hannunsa, ya sa ɗaya hannun ya juya fankar. Da ƙyar ta motsa. Ya ce ni ma in gwada, na ji ta a cije kamar an ɗaure ta. Ya girgiza ta gaba da baya domin ya ji ko boris ya ci, ya bi fukafukanta ɗaya bayan ɗaya da tocila yana neman tsaga, ya haska tsakanin lagireto da kwandensan na'urar sanyi ko ƙura ta toshe, sannan ya jona kwamfuta ya nuna mini cewa zafin ruwan bai kai digiri 90 ba.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da ya fi burge ni. Fankar wannan mota ba ta lantarki ba ce, bel ne yake juya ta, amma tsakaninta da fulin da bel ɗin yake juyawa akwai kuloci mai ɗauke da man silikon, a gabansa kuma akwai wani siririn ƙarfe nannaɗaɗɗe da ke jin zafin iskar da ta ratso lagireto. Idan iskar ta yi zafi sai ƙarfen ya buɗe wa man hanya, fankar ta kama sosai. Idan ta yi sanyi sai ta saki, ƙarar ta kwanta. Da ya kwance nawa kulocin, sai ga alamar an taɓa buɗe shi, an cika shi da mai fiye da kima, shi ya sa yake kame dare da rana. Nan take na tuna cewa bara, kafin aikin Hajji, na kai motar wata warsha a duba na'urar sanyi, mai wurin ya ce ya "ƙarfafa" mini fanka, har na yi masa godiya. Wallahi har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna, domin na koma wurinsa da wannan ƙara, ya buɗe bonet ya leƙa, ya ce lagireto ne, bai ambaci abin da hannunsa ya yi ba. Ga man da na yi ta ƙonawa a banza, ga wahalar da bel da famfon ruwa suka sha.

Sai dai ba zan ɓoye ba, daga nan farin cikina ya ragu. Yaron ya yi alkawarin motar za ta fito bayan La'asar, amma sai da ta kwana biyu, kuma ni ne nake ta kira, ba ya ɗauka sai na yi sau uku ko huɗu. Da farko ya kawo kulocin da aka ciro daga tashlihi, wato inda ake kwance tsofaffin motoci, ba tare da ya shawarce ni ba, na ce ban yarda ba, na asali nake so ko da zai fi tsada, wannan ya ƙara kwana guda. Da na zo karɓa, na tarar da shatin baƙin mai a kan sitiyari da kujera, kuma ɗaya daga cikin maƙalan murfin fankar ya karye an ɗaure da waya, ba wanda ya gaya mini sai da na gani da idona. Na ce masa, "Mu'allim, hannunka yana da kyau, amma wannan ba daidai ba ne." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Kawu, laifin yarana laifina ne," ya cire kuɗin maƙalin daga ladan aikinsa.

Makon da ya wuce na sake hawan Hada da kaya cike da but. Fankar ta kama a wurare biyu da hawan ya yi tsanani, ta yi gurnaninta na ɗan lokaci, ta saki. Zan koma wurin yaron idan wata ƙara ta taso, amma zan zauna a kan bencin ƙofar warshar har a gama, kuma har yau ina jiran sabon maƙalin da ya ce zai kira ni idan ya iso.