Manhajar Nusuk: daga ba da tazara a Harami zuwa layin shiga Rauda

Duk wanda ya je Umara a shekarun nan ya san cewa kafin ya shiga Rauda, wato wurin da ke tsakanin ɗakin Manzon Allah (SAW) da mumbarinsa a Masallacinsa da ke Madina, sai ya nuna wa jami'an tsaro izini a fuskar wayarsa. Wannan izini ana samunsa ne ta manhajar Nusuk ta Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya, kuma asalin tsarin annobar korona ce ta haife shi.

Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje a ƙarshen Fabrairun 2020, kana ta haɗa da mazauna ƙasar a farkon Maris. Da aka sake buɗewa ranar 4 ga Oktoba na shekarar, mutum 6,000 kacal aka yarje wa a kowace rana, kowa kuma sai ya yi rajista ta manhajar Eatmarna, wadda daga baya aka mayar da ita Nusuk a 2022. Dalilin a fili yake: cutar tana bin ɗigon da ke fita daga hanci da baki yayin tari, atishawa ko magana, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar aƙalla mita 1 tsakanin mutum da mutum. A wurin da miliyoyi ke tururuwa, ba za a iya cewa jama'a su ja da baya bayan sun riga sun shiga ba, dole tun daga ƙofa a ƙayyade adadinsu. Manhajar ta yi wannan aiki ta hanyar raba yini zuwa lokuta, kowane rukuni da sa'arsa, yayin da a ciki aka zana layuka a filin ɗawafi, aka manna alamomin tsayuwa a ƙasa, aka kuma kange Ka'aba don kada a yi turereniya wajen Hajarul Aswad.

A nan nake yaba mata ba tare da wata-wata ba. Sahun salla ya koma kafaɗa da kafaɗa ranar 17 ga Oktoban 2021, lokacin da aka ɓanɓare alamomin nan, amma hukumomi sun riƙe dabarar raba lokaci, kuma sun yi daidai. Korona ba ita kaɗai ke bin cunkoso ba. Sanƙarau ya ɓarke tsakanin alhazai a 2000 da 2001, shi ya sa har yau ake neman shaidar rigakafinsa, ga kuma tari da murar da kusan kowane alhaji ke dawowa da su gida. Wanda ya san yadda mata ke shiga Rauda a da, ana gudu ana danne tsofaffi, zai gane cewa shiga rukuni-rukuni sauƙi ne ga lafiya da kuma natsuwar ibada. Rajistar ba ta da wahala ga mai ilimin waya: lambar biza da ta fasfo, sai zaɓen rana da sa'a, maza da lokacinsu, mata da nasu, kuma ba a biyan ko sisi don izinin.

Inda ta gaza shi ne wajen waɗanda suka fi buƙatar kariya. Dattijuwar da ta taso daga ƙauyen Katsina ko Maraɗi da ƙaramar wayar kira ba ta da hanyar nema wa kanta izini, sai ta dogara ga ejan ko wani matashi a ayarinsu, idan shi ma bai samu intanet ba shi ke nan. A watan Ramadan da bayan Hajji guraben kan ƙare da wuri, har mutum ya kammala kwanakinsa a Madina bai samu ba. Haka kuma tazarar da ake samu a ciki sau da yawa takan ɓace a harabar waje, inda masu jiran lokacinsu ke cunkushe a layi.

Shawarata ga maniyyaci ita ce ya sauke manhajar tun yana gida da zarar bizarsa ta fito, ya nemi gurbi kafin ya tashi, ya taimaki tsofaffin da ke tare da shi, sannan ya riƙe takunkumin fuska saboda zaman layin waje.